Hannun Gem ɗin Mai Agogo

Ƙarfe goma na safe wata mata ta shigo caji ofis ta ce an sace wa mahaifinta hannun gem, wato abin da ake riƙewa a sarrafa na'urar wasan talabijin. Sufeto ya ɗago daga fayil. A shekara ashirin na aiki an kawo masa ƙarar satar akuya har da ta murfin rijiya, amma wannan sabuwa ce.

"Na yara?"

"Na Babana ne, Yallaɓai. Shekararsa saba'in. Tun jiya ko abinci bai taɓa ba."

Da ya je gidan tare da Sajan, a falo ya tarar da tsohon, wanda unguwa ke kira Mai Agogo. Da can gyaran agogo yake yi, har rawar hannu ta raba shi da sana'ar. Ko kofin shayi sai an riƙe masa.

"Hannun da ya zo da na'urar ba ya yi mini," in ji tsohon. "Da yatsana ya yi rawa sai ɗan wasa ya ruga inda ban aike shi ba. Wanda 'yata ta sayo na wani kamfani ne daban. Yana cika tafi, sandar juyawarsa kuma ba ta kula rawa, sai abin da na nufa. Shi kaɗai ya rage da ke jin maganar hannuna."

"Da wa kake bugawa?"

"Da Hedimasta, abokina tun ƙuruciya. Kullum ƙarfe huɗu, ƙwallo. Shekara biyu yana lallasa ni. Watan nan kuwa ko sau ɗaya bai ci ba."

Sufeto ya duba teburin. Na'urar tana nan, hannu na asali mai tsada yana nan. Ya leƙa bayanta. An zare har ɗan ƙaramin abin da ke haɗa sabon hannun da na'urar, wanda bai kai ƙwayar wake biyu ba. Ɓarawon titi ba ya wannan natsuwar.

A tsakar gida ya tare mai gugan gidan.

"Ka shiga falo jiya?"

"Ko ƙofar ban taka ba, ranka ya daɗe."

"To rigunan da ke ninke kan kujera da ƙafarsu suka shiga?"

Mai guga ya share gumi. "Na shiga. Baba na barci. Ina fitowa na yi karo da Hedimasta, ya ce hularsa ya manta."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Wa zai ɗauki maganata a kan ta Hedimasta?"

Ƙarfe huɗu daidai Hedimasta ya iso da tsohuwar motarsa, har da jajen abin da ya faru. Sufeto ya bar shi ya zauna.

"Ka taɓa riƙe hannun nan?"

"Ni? Allah ya kiyaye. Ba na taɓa jabu. Sandar ma tauri gare ta, sai ka danna kamar kana murɗa famfo."

"Ta ina ka san taurinta?"

Sufeto ya yi wa Sajan alama ya karɓi makullin motar Hedimasta. Ba a yi minti biyu ba Sajan ya dawo da abin a naɗe cikin hula.

"Ba sayarwa zan yi ba," in ji Hedimasta, idonsa a ƙasa. "Na ɗauka abin ne ke buga masa. Na kai gidan ɗana na gwada, wasa shida, duk aka ci ni. Ashe ba abin ba ne. Shekara biyun nan ba shi nake ci ba, ciwonsa nake ci. Kunya ce ta hana ni dawo da shi."

Sufeto ya rubuta bayanin, ya ajiye hannun a cinyar Mai Agogo. Yatsun suka lalubo gurbinsu da kansu. Bai ga amfanin ankwa ba, sai ya ce wa Sajan ya kai Hedimasta motar 'yan sanda.

Sun kai bakin ƙofa tsohon ya dubi kujerar da ke gefensa, sannan ya ɗaga murya.

"Sufeto, gobe ƙarfe huɗu fa? Wa zai zauna nan?"