Nas Ɗin Da Ta Hana Baba Tafiya Gida

Da misalin ƙarfe goma na safe Auta ya fara ganin nas ɗin da kyau, tana tsaye a ƙofar ɗakin agajin gaggawa cikin fararen kayanta, ta tare wa mahaifinsa hanya.

"Baba, ka yi haƙuri, yau kam ba inda za ka," ta ce, muryarta a tausashe, amma ko taku ɗaya ba ta matsa ba.

Auta malamin lissafi ne a wata sakandare. Daga aji aka kira shi, aka ce Baba na fama da ciwon kai, idonsa na ganin dishi-dishi. Da aka auna jininsa a asibiti sai aka ga ɗari biyu da talatin bisa ɗari da talatin. An ba shi magani, kan ya ɗan lafa, tsohon direban babbar mota kuwa ya zura takalmi ya ce shi ya warke.

"Ke yarinya, shekara arba'in ina tuƙi ko allura ba a taɓa yi mini ba. Kai ya daina ciwo, zaman me zan yi?"

"Kan ne ya yi shiru, Baba. Zuciyar ba mu tambaye ta ba tukuna."

Ta jawo kujera ta zaunar da shi, ta durƙusa a gabansa kamar 'yar cikinsa.

"Ka san mota in an cika mata kaya aka sa ta hawan tudu? Injin yana iya ƙonewa tana kan tafiya. Haka zuciya take in jini ya hau irin wannan. Tana iya jin rauni mutum bai sani ba."

Aka manna wa Baba wayoyi a ƙirji, na'ura ta zana bugun zuciyarsa a takarda, ba a ga abin tashin hankali ba. Gwajin jinin da ke nuna raunin tsokar zuciya shi ma bai fito fili ba. Likita ya fara tunanin sallama, sai ta matsa kusa da shi.

"Likita, da ya sunkuya zai sa takalmi na ga yana haki, yana murza kafaɗar hagu. Don Allah a maimaita gwajin jinin bayan awa uku."

Aka maimaita. Sakamako na biyu ya ninka na farko sau biyar. Nan take aka ba Baba gado, aka sa masa magani ta jijiya, ana saukar da jinin sannu a hankali. Auta ya jingina da bango. Abin da shi ɗan cikinsa bai lura da shi ba, ita ta gani a sunkuyawa ɗaya.

Kwana shida Baba ya yi a kwance. Kwana shida Auta yana kallon yadda take gyara wa tsofaffi matashin kai, tana sa masu kuka dariya. A rana ta uku ya yi ta maza ya nemi lambarta.

"Ranar da aka sallami Baba ka sake tambaya," ta ce tana rubutu a fayil, amma ya ga murmushin da take ɓoyewa.

Ya sake tambaya. Ta ba shi.

"Nas ɗina, yau na rubuta lissafi a allo na kasa warware shi, ɗalibai suna ta yi mini dariya. Laifinki ne."

"Malamina, ba ruwana. Ka sha ruwa, ka ci abinci, kuma ka tuna wa Baba maganin ƙarfe huɗu."

Wata huɗu suna haka, sannan ya kai maganar gida. Baba ya ajiye kofin shayinsa.

"Wacce? Wadda ta tsare ni a gaban jama'a kamar ɓarawo? Yarinyar da ta tanƙwara ubanka, kai yaya za ta yi da kai? Ban yarda ba."

Auta da rashin dabara ya kwashe maganar kaf ya faɗa mata. Daga baya sai saƙonta ya shigo.

"Ba zan shiga tsakanin ɗa da mahaifi ba. Zuciyar Baba ba ta son ɓacin rai. Ka kula mini da shi."

Daga nan ta daina ɗaga waya. Bayan sati biyu ya je bakin asibiti da yamma, sai ya hango ta tana shiga motar likitan nan, yana buɗe mata ƙofa da kansa. Auta ya juya gida a ƙasa. Ya ce a ransa, ai dama ina malamin makaranta ina gogayya da likita.

Ranar komawa ganin likita shi ya raka Baba, ba don yana so ba. Likitan ya duba sabon gwaji, ya yi hamdala, sannan ya ɗauko tsohuwar takardar ya ajiye a gaban tsohon.

"Baba, gaskiya zan faɗa maka. Ranar nan ni har na ɗauki biro zan sallame ka. Da ka tafi gida da wannan raunin, ban san ko za mu sake ganinka ba. Ita ta hana."

Baba ya ƙura wa takardar ido, ko da yake ba ya gane lambobin.

Likitan ya dubi Auta ya yi ɗan murmushi. "Ni kaina na nemi aurenta. Har gida na kai ta don in yi maganar. Ta ce in yi haƙuri, wani malamin lissafi ya riga ni, ko da ba za a ba shi ita ba."

Auta ya rasa inda zai sa idonsa. Baba kuwa ya miƙe ya gyara hularsa.

"Ina take?"

Suka same ta tana canza wa wata tsohuwa ƙarin ruwa. Baba ya jira har ta gama. Da ta juyo ta gan su sai ta rusuna ta gaishe shi.

"Tashi, 'yata. Girman kai ne ya rufe mini ido. Ki yafe wa tsoho. Wannan sakaran nawa in har yanzu kina sonsa, ni da ƙafata zan je wurin mahaifinki."

Ta rufe fuska da tafin hannu, hawaye na bi ta tsakanin yatsunta. Tsohuwar da ke kan gado ta ɗaga murya. "Ki ce eh mana, yarinya, kin bar bawan Allah a tsaye!"

Ɗakin ya kaure da dariya.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da aka kawo ta don ta gaishe da Baba, sai ya sa su zauna a gabansa, ya ɗora hannu a kan ɗansa.

"Auta, ka riƙe ta da daraja. In ka sa ta kuka, ni da kai ne. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka, Ya nuna mini 'ya'yanku ina da ƙarfin ɗaukarsu."

"Amin, Baba," suka ce tare, ita tana kallon ƙasa, shi kuwa yana kallonta.