Goran Yuguda

Da Abdulganiyu ya gama ginin gidansa a Gashua, adon falo kaɗai ya rage masa. Ɗan kasuwa ne mai sayar da siminti da kwanon rufi, kuma a tafiye-tafiyensa ya ga yadda masu hali ke ƙawata bango da kayan zamanin da. Shi ma ya shiga nema. Ya samo akushi a Nguru, ya samo tsohon takobi da tasoshin tagulla a Kumagannam.

"Alhaji, kayan matattu fa kake tara mana," in ji matarsa Shuhada. Dariya kawai ya yi.

Wata rana bayan la'asar aka kwatanta masa gidan wata tsohuwa, Fanne, a ƙauyen masunta can bayan Katuzu. A zaurenta ya gan shi: ƙaton gora irin wanda masunta ke kifa ciki a kai su ratsa kogi, ya yi baƙi don tsufa, sai sheƙi yake.

"Iya, za ki sallama mini wannan?"

"Na mijina ne, Yuguda. Ruwa ya ci shi, goran ya dawo shi kaɗai." Ba ta ɗago kai ba. "Ba na son komai. Ka dai ce da bakinka ka karɓa."

"Na karɓa."

Ta sauke ajiyar zuciya mai tsawo, ta shige ciki ba sallama.

Ya leƙa goran, babu komai sai ƙura. Ya ɗaure shi a bayan babur, ya kamo hanyar da ta bi gefen fadama. Rana ta faɗi. Kwaɗi suka cika wurin da kuka.

Ya yi nisa kaɗan sai ya ji ruwa na kaɗawa a bayansa. A cikin goran.

Babur ya yi nauyi, tayar baya ta soma nutsewa a yashi. Warin laka da ruɓaɓɓen kifi ya cika masa hanci. Kwaɗin suka yi tsit lokaci ɗaya.

Bayan rigarsa ya jiƙe.

Hannaye biyu suka zagayo ƙugunsa, masu sanyi, yatsun a kumbure.

"Karkata hagu," aka raɗa masa a kunne. "Ga kogin can."

Kan babur ya juya da kansa. Ya nemi Ayatul Kursiyyu, harshensa ya ƙi ɗagawa. Fitila ta hasko ruwa, baƙi, ba ya motsi.

Da ƙyar ya fizgo sunan Allah, ya wurgar da kansa gefe. Babur ya faɗa kogin da goran, ruwan bai ko fantsama ba.

Wasu manoma ne a a-kori-kura suka tsince shi yana rarrafe a bakin hanya.

Da safe Shuhada ta shiga share falo, ta tarar da goran a ƙarƙashin takobi, darduma ta jiƙe sharkaf.

An ƙona shi, ya dawo. An kira malamai sun yi sauka, an binne shi, ya dawo. Abdulganiyu ya koma wurin Fanne yana roƙo.

"Ɗana, ka yafe mini," ta ce. "'Ya'yana biyu Yuguda ya kira, suka bi shi. Ɗaya ya rage mini. Ba zan karɓa ba."

Labari ya bazu a gari. Ko ruwan sha ba mai amsa daga hannunsa. Ya rufe shago, ya tura Shuhada da 'yarsu ƙarama, Zinariya, gidan iyayenta a Nguru, ya zauna shi kaɗai da ɗigar ruwa a falo. Yana ganin aƙalla ya tserar da su.

Ran nan da magariba wayarsa ta yi ƙara. Muryar Shuhada can ƙasa-ƙasa.

"Alhaji, Zinariya ta tashi barcin rana rigarta a jiƙe. Wai wani tsoho ya ce ta zo ya koya mata iyo."

Abdulganiyu ya juya ya dubi goran. Ya san Nguru sarai. Duk inda yarinya ta juya, ruwa ne a gabanta.