Eriya a Kan Rufin Labaran

Yammacin wata Laraba ce a ƙarshen daminar 1999. Rana ta yi ja tana neman faɗawa bayan gonakin dawa, awaki sun fara shigowa gida da kansu. A wani ƙauye kusa da Bebeji, cikin ƙauyukan da aka kafa wa mutanen da ruwan Tiga ya cinye garuruwansu, Labaran na zaune bisa tabarma a ɗakin zaure, ya kwantar da akwatin kwamfuta a gabansa kamar mai shirin fiɗar rago.

Labaran ma'aikacin wani ofishin ban-ruwa ne. Shekara goma sha biyu yana zagaya ƙofofin ruwa a kan babur yana kai awon ruwa ofis, har ranar da ya faɗi ya karye a ƙugu, ya koma dogara sanda. Ana shirin sallamarsa sai wani injiniya mai suna Zailani ya ji tausayinsa, ya nemo masa tsohuwar kwamfuta da wani koren kati mai faɗin tafin hannu. Ya ce in an sa katin, kwamfutar za ta riƙa magana da ta ofis da ke kan tudu, tafiyar mil biyu, ba tare da waya ba. Masu gadin ruwa su kawo masa awo gida, shi kuma ya buga ya tura. Da wannan katin aikinsa ya rataya.

Ya zare filogi kamar yadda Zailani ya koya masa, ya kwance kusoshi huɗu da sukudireba, ya ɗage murfin. Ya hure ƙurar ciki, ya nemo ramin da babu komai, ya saita haƙoran katin, ya danna a hankali har ya ji ya zauna. Tun da safe maƙwabta suka taya shi kafa dogon bututun ƙarfe a kan rufi, da eriya a samansa tana fuskantar tudun. Ya ɗaura igiyarta a bayan katin, ya tayar da ɗan janareta, ya zura faifan da aka haɗo masa da shi. Can sai wata 'yar koriyar fitila ta fara ƙyaftawa.

"Barakatu! Zo ki gani, ya kama!"

Matarsa ta leƙo da ludayi a hannu, 'yarsu Asibi na bayanta. Ita kaɗai Allah ya bar musu cikin haihuwa biyar, shekararta goma sha huɗu. Suna tsaye suna kallon fitilar, ladan ya ɗaga murya, sai wani abu ya faɗo kan kwanon rufi, ƙwal. Wani ya sake faɗowa, ya gangaro, ya dire a bakin ƙofa.

Labaran ya sa sanda ya jawo shi. Dutse ne sumul, irin na gindin kogi, a jiƙe sharkaf, yana warin laka. Rabon garin da ruwan sama kwana tara.

Kwana uku a jere haka aka yi. Da rana lafiya lau, Labaran ya tura awonsa, a amsa masa daga ofis, ya yi ta murmushi shi kaɗai. Amma da zarar inuwar katanga ta kai bakin rijiya, sai tsuntsaye su ɗauke, jifa ta fara. Maƙwabta suka zagaye gidan da sanduna, ba su ga kowa ba. A rana ta uku aka ji kukan jariri siriri yana fitowa daga cikin akwatin kwamfutar, da muryar wata tsohuwa tana lallashi.

"Malam, don girman Allah ka kashe abin nan," in ji Barakatu. "Tun ranar da ka sa shi ne."

Ya kashe. Kwana biyu ko tsakuwa ba ta faɗo ba. Sai ga saƙo daga Zailani cewa manya sun fara ƙorafi, in awo bai iso ran Litinin ba za a zo a ɗauke kwamfutar, a ba wani aikin. Labaran ya daɗe zaune yana duban ƙafarsa da ta shanye. Ya ce a ransa minti goma kawai, ya tura ya kashe, wa zai sani? Bai gaya wa Barakatu ba. Ya jira ta tafi gidan suna, ya tayar da janareta.

Bai gama buga layi na biyu ba ya ji faɗuwar tulu a tsakar gida. Ya fito yana jan ƙafa, ya tarar da Asibi kwance, ta toshe kunnuwanta da hannu biyu, bakinta a buɗe amma ba sauti. Zanenta da kitsonta sun jiƙe kamar an tsamo ta daga kogi, alhali tulun babu ko ɗigon ruwa a ciki.

Kwana huɗu ba ta ci ba, ba ta yi magana ba. In magariba ta kawo kai sai ta tashi zaune, ta juya fuska wajen dam ɗin Tiga, ta yi ta jijjiga hannuwa kamar mai renon jariri. A rana ta biyar aka ɗauko Malam Datti daga Badafi, wani dattijo siriri mai ƙarancin magana, wanda aka sani da karatu a kan masu irin wannan lalura.

Bayan la'asar ya sa aka shimfiɗa ta a rumfa, uwar ta riƙe kafaɗunta. Ya yi alwala, ya zauna wajen kanta, ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa. Ya daɗe yana yi, har hasken tsakar gida ya koma ruwan toka. Sai Asibi ta buɗe ido. Ba malamin ta duba ba, ubanta ta duba, ta yi magana da muryar tsohuwa mai kaushi.

"Ɗan Mahmudu, ka girma."

Sandar Labaran ta suɓuce. Mahmudu sunan mahaifinsa ne, wanda ya rasu tun kafin a haifi yarinyar.

"Wace ce ke?" in ji Malam Datti. "Me ya haɗa ki da baiwar Allah?"

"Maƙwabciyarsu ce ni a tsohon gari. A kukar bayan gidan ubansa nake, ban taɓa taɓa ko kazarsu ba. Da ruwa zai zo aka kawo manyan motoci aka kwashe su, har da turame da tukwane. Mu wa ya kwashe mu? Shekara ashirin muna yawo. Duk itacen da muka sauka, a sare. Daga ƙarshe muka sami sarari a sama, tsakanin gidan nan da tudun can, inda ba mai sara ba mai noma. Muka ce nan kam ɗan Adam ba zai iso ba."

Ruwa na ta tsiyaya daga gashin yarinyar.

"Sai ga abin nan nasa yana ratsa tsakiyar ɗakina kamar allura mai zafi, daidai inda jikata ke kwance. Na yi jifa don su gane. Ya kashe, na ce ya ji. Sai ya sake kunnawa. Yanzu jikata ko kiran uwarta ba ta ji."

"Bai san kuna wurin ba," in ji malamin.

"Na farko bai sani ba."

Barakatu ta ɗago kai ta dubi mijinta. Labaran ya sunkuyar da nasa.

"Me kike so?" in ji Malam Datti.

"Yarinyar. In tafi da ita ta yi mini reno."

"Wannan kam ba ki isa ba. Ita ba ta yi miki komai ba, kuma Allah ya haramta zalunci a kanmu da ku." Ya ci gaba da karatu, wannan karon da ƙarfi. Jikin Asibi ya sandare, muryar ta yi ta ihu tana cewa ya bari, yana ƙona ta. Bai bari ba sai da ta ce ta yarda.

"A cire abin daga cikin akwatin kafin rana ta faɗi. A sauke ƙarfen. In an yi, na rantse da wanda ya halicce ni zan fita, ba zan dawo ba."

"Kuma ki bar ta lafiya lau."

"Zan bar ta da ranta."

"Na ce lafiya lau."

Muryar ta ce, a gajiye, "Rana na faɗuwa, malam."

Labaran ya rarrafa zuwa zaure. Ya kwance kusoshin akwatin, ya ɗage murfin. Ya fizge katin, haƙoransa suka yanke shi a yatsa. A waje maza suka kwantar da bututun a ƙasa. Asibi ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki, ta buɗe ido irin nata na da, ta ce, "Inna, yunwa nake ji."

Barakatu ta rungume ta tana kuka tana hamdala. Labaran ya tsaya a bayanta ya kira, "Asibi." Ba ta juyo ba. Ya sake kira da ƙarfi, har akuya ta zabura. Yarinyar na ta kallon bakin uwarta, can ta ce, "Inna, me ya sa kike motsa baki ba kya magana?"

An kai ta asibiti a Kano, likitoci suka duba suka ce ba su ga abin da ya lalace a kunnen ba. Malam Datti ya dawo sau uku ya yi karatu, babu wanda ya amsa masa. A zuwansa na ƙarshe ya dafa kafaɗar Labaran a zaure, ya ce, "Tsohuwar ta cika alkawari, ta tafi. Ban san inda zan same ta ba. Sai haƙuri da addu'a."

Ofis suka aiko aka ɗauke kwamfutar, aikin ya koma hannun wani. Labaran ya koma gyaran komar masunta a ƙofar gida. Barakatu ba ta taɓa yi masa gori ba, ba ta kuma sake tayar da maganar ba, shi kuwa da ta zage shi da ya fi samun sauƙi.

Har Asibi ta zama budurwa, kullum in an sauke tuwo Barakatu takan manta, ta ɗaga murya daga madafa ta kira sunanta. Sai ta yi jim. Sannan ta ajiye mara, ta taka har inda yarinyar ke zaune, ta taɓa kafaɗarta.