Tudu da Kwari

Tijani na zaune a tsakar gidan baffansa Babikir, a wani ƙauyen Gadarif, yana kallon Ihlas 'yar Baffa tana zuba gahawa. Kofin farko Awad, mai neman aurenta, ta miƙa wa. Nan take zuciyar Tijani ta yi baƙi ƙirin.

Awad ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa. Baffa kuwa tsufa ya kama shi. Sai ya ba Awad gonarsa mai tudu da kwari da irin riɗi bisa muzara'a: shi ya noma, in an girbe a raba biyu. Da rabonsa Awad zai biya sadakin Ihlas.

"Baffa, ɗan ƙaninka na zaune, ka kwashi gona da 'ya ka ba bare?" in ji Tijani.

Ihlas ta yi caraf. "Haba Yaya! Kai da fartanya ke sa wa zazzaɓi?"

"Ke, rufe min baki! To Baffa, a raba tun yau. Amfanin kwari namu, na tudu nasa."

Ya san tudun ba ya riƙe ruwa. In riɗin ya ƙone, babu sadaki, babu aure. Ihlas ta gane, hawaye suka zubo mata.

Awad ya sunkuyar da kai. "Na yarda, Baba."

"Ni ban yarda ba!" Baffa ya buga sanda. "Ba a ware wa mutum gefe, wannan caca ce. Abin da Allah ya fitar, shi ake rabawa a masussuka."

Duk damina Tijani na leƙen tudu yana fatan fari. Sai ruwa ya yi yawa, ya kwanta a kwari, riɗin can ya ruɓe kaf. Tudu ne ya yi albarka.

Ranar awo Awad ya durƙusa, kwano nan, kwano can, bai rage ƙwaya ba. Tijani ya tsaya kamar an dasa shi. Daga rumbun Baffa shi da uwarsa suke ci. Da an bi maganarsa, da bana sun kwana da yunwa.

"Yaya, ina buhunan kwarin naka?" Ihlas ta tambaya.

Tijani ya ɗauki buhun ango ya kai masa har gida, haƙoransa a cije.

Mai haƙuri ya sami matarsa. Mai hassada kuwa, ramin da ya haƙa wa wani, gaskiyar dattijo ce ta hana shi faɗawa ciki.