Ƙwallon da Ta Shiga ta Hagu

"Yaya Abdul, ka dube ni ka faɗa min gaskiya. Da gangan ka bar ƙwallon nan ta shiga?"

Abdulsalami ya karkatar da kai, yana kallonta a kaikaice. Wannan kallon ne ya fi ƙona wa Baraka rai. A 'yan kwanakin nan ko sau ɗaya bai fuskance ta sosai ba.

Bayan kakar bana samarin Karaye da Rogo suka shirya gasar da suka kira Kofin Duniya. Kowane gari ya laƙaba wa kansa sunan ƙasa, har da tutar da tela ya ɗinka. Tudun Kaya ta zama Kayaniya, Rogo Sabon Gari ta zama Rogoniya, su ne kuma suka haɗu a wasan ƙarshe. Jibo, yayan Baraka, shi ne mai ci wa Kayaniya. Abdulsalami kuwa, wanda aka sa musu ranar aure da Baraka, shi ne golan Rogoniya.

Ana dab da tashi Jibo ya buga wata ƙwallo mara ƙarfi, ta gangara ta hagun Abdulsalami ta faɗa raga. Ko motsi bai yi ba.

Kafin magariba zance ya gama gari: ya sayar da mutanensa don ya faranta wa surukai. Mahaifin Baraka, Malam Shitu, ya ce a dakata da maganar biki, don wanda ya ci amanar garinsu ba zai riƙe amanar 'yarsa ba.

"Ke ma, Baraka?" in ji Abdulsalami. "Ke ma kin yarda?"

"Ina wurin! Da idona na gani... kana tsaye kamar an dasa ka!"

"Wallahi ban sayar ba."

"To me ya faru?"

Ya kawar da kai.

"Ka gani ko? Kullum shiru! Ko Yaya Jibo ne ya roƙe ka? Ko kun ƙulla ne a bayana?"

"Abar ƙaunata, ki bar maganar nan..."

Ta miƙe fuu ta shige gida, hawaye na zuba. Sai dai zuciyarta ba ta yarda ta bar baƙo a zaure babu ruwa ba. Ta ɗebo a kwanon sha ta dawo a hankali, ta durƙusa ta hagunsa, ta miƙa masa.

Bai karɓa ba. Idanunsa na kan ƙofar waje, yana share ƙwalla da bakin hula.

Ta ɗaga hannu ta kaɗa dab da fuskarsa. Ko ƙiftawa bai yi ba.

Kwanon ya suɓuce.

"Innalillahi! Yaya Abdul... idonka!"

Ya zabura ya juyo da duk jikinsa, sannan ya sunkuyar da kai.

"Karan dawa ne ya soke ni lokacin girbi. Na ɗauka zai washe, sai duhu yake ƙaruwa. Ban ga ƙwallon ba, Baraka, ihun mutane kawai na ji."

"Shi ne ka bari ana ce maka maci amana?"

"Na ji tsoron Baba ya ce ba zai ba mai ido ɗaya 'yarsa ba."

Ta fashe da kuka. "Kuma ni da bakina na tuhume ka..."

Ba ta tsaya neman mayafi mai kyau ba, ta je ta durƙusa gaban mahaifinta ta faɗa masa komai. Malam Shitu ya fito zaure, ya daɗe yana duban saurayin.

"Abdulsalami, ka cuci kanka, mu ma ka sa mun ɗauki alhakinka. Ni mutum na ba 'yata, ba ido ba. Gobe Jibo zai raka ka asibiti Kano."

Likita ya ce an makara, idon ba zai dawo ba. Jibo da kansa ya hau keke har Rogo, ya tsaya a bakin kasuwa ya wanke abokin karawarsa a gaban jama'a.

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Ranar da aka kai ta, ta zauna a gefen gado ta hagunsa. Ya ce ta dawo dama don ya riƙa ganinta.

Ta girgiza kai tana murmushi cikin hawaye.

"A'a, masoyina. Nan ne wurina. Abin da duk ya taho ta nan, ni zan gani."