Abin da Ke Cikin Amfilifayar Kawu

Ana gab da magariba Dogo mai gyaran rediyo ya rufe shago, ya rataya jakar kayan aiki, ya nufi ɗakin taron da kawunsa ke bayarwa haya. Washegari akwai taro, ga shi amfilifaya, na'urar ƙara sautin da Kawu ya sayo ta hannu, ta ƙi aiki.

"Ko ka murɗe ta har ƙarshe, sauro ya fi ta murya," in ji Kawu, yana buɗe ɗan ɗakin bayan dandamali. "Ga zafi, sai ka soya ƙwai a kanta."

"Kawu, kai da son araha."

"Gyara na kira ka, ba wa'azi ba."

Dogo ya kunna ta. Sautin ya fito can ƙasa-ƙasa, a shaƙe. Ya bi wayoyin lasifika ɗaya bayan ɗaya, lafiya lau. Ya auna wuta da mita, daidai take. Ya ɗora tafin hannu a kan murfin, ya janye da sauri yana yarfewa. Sai ya jona ƙarfen narka dalma, ya zare amfilifayar daga soket don ta huce, suka fita salla.

Da suka dawo, ta fi ɗazu zafi.

Dogo ya dubi wayarta yashe a ƙasa. Ba a jone take ba.

Sannan warin ya iso. Ya san ƙaurin waya, ya san na taransistan da ya ƙone. Wannan daban ne. Ƙarni ne mai ɗumi, irin numfashin mai ruɓaɓɓen haƙori. Ya ja wuyan riga ya toshe hanci, ya hau kwance ƙusoshi. Kowace ƙusa santsi take, tana zamewa daga yatsu.

Murfin ya ɗago da wani yauƙi yana bin sa zare-zare.

Ya haska tocila. Wani abu toka-toka kamar daskararren kitse ya lulluɓe kayan ciki. Gashi ya nannaɗe fanka, dogo, jiƙe sharkaf. Dogo ya ja da baya.

"Mushen ɓera ne," ya ce, don ya lallashi kansa.

Ya cusa hannun dama don ya ciro shi. Abin laushi gare shi. Yana bugawa a hankali.

Sai abin ya lashi yatsunsa.

Harshe ne. Mai kaushi, mai yawu. Kafin ya zare hannu, abin ya tsuke masa yatsu kamar bakin jariri a kan nono.

Kawu, da bai ga komai ba, ya ɗauki makirufo cikin gajen haƙuri. "Halo, halo, ana ji…"

Lasifikokin suka yi ƙwat, ƙarar haɗiya. Bakin Kawu na motsi, babu abin da ke fita. Ya dafe maƙogwaro, ido waje.

Aka yi gyatsa mai tsawo. Wari ya cika ɗakin.

Daga lasifika muryar Kawu ta fito, cike da yawu, cikin raɗa.

"Kai ma yi magana."

Ihu ya taso wa Dogo har wuya. Nan ya gane abin da amfilifayar take jira ke nan. Ya cije leɓe har ya ji jini.

Tsotson ya kai wuyan hannu.

Ya lalubo ƙarfen dalma da hagu. Ya luma shi ciki.

Cuuu! Abin ya saki. Dogo ya fizgi rigar Kawu, suka yi waje suna karo da kujeru. A bakin kwata ya durƙusa ya yi ta amai har ba sauran abin fitarwa.

Da safe maza suka shiga da shebur. Suka tarar da amfilifayar sanyi ƙalau, cikinta a bushe, sai ƙura. Duk da haka suka haƙa rami suka binne ta. Muryar Kawu ta dawo, amma sai ka kai kunne bakinsa kafin ka ji.

Dogo kuwa ya wanke hannun da sabulu, da kananzir, da toka, har fata ta saɓule. Ƙarnin yana nan a ƙarƙashin farce. Matarsa ba ta taɓa yi masa maganar ba. Ta dai ware masa kwano da cokali, kuma in zai ɗauki ɗiyarsu, sai yarinyar ta kau da kai ta nufi hannunsa na hagu.