Makullin Ɗakin Tabata

"Ba ni makullin, Zuwena."

Ban ɗago kai ba. Na ci gaba da juya wainar shinkafa a kasko, man yana tartsatsi a hannuna, ban ma ji zafinsa ba.

"Zuwena, da ke nake magana fa!"

Mrisho ke nan, saurayina na shekaru. A bakin tashar motar Buguruni muka haɗu, lokacin yana tuƙa bajaji mai ƙafa uku, yana tsayawa kullum ya sayi waina biyu ya ci a tsaye. Yanzu ya samu aikin direba a wani ofis, yana saka riga mai guga da takalmi mai sheƙi.

"Makullin me?" na ce a hankali.

"Kin sani... na ɗakin da muka kama a unguwar Tabata. Mai gidan, Bi Chausiku, ta hana ni wani. Wai ita mace take ba wa makulli, ba namiji ba."

"Wa za ka saka a ciki?"

Ya kau da kai yana kallon motoci. "Mamata ta zo daga Morogoro. Ta ce Nasra zan aura, 'yar ƙawarta, malamar makaranta ce. Ta rantse idan na auri mai tuya da ko firamare ba ta gama ba, ba ta yafe min nononta ba. Hasken idona, ya zan yi? Uwa ce!"

"Ni ma ina da uwa, Mrisho."



Mamata tana kwance a kwarin Jangwani, ƙafafunta sun kumbura. Duk damina ruwa sai ya shigo mana har gwiwa, in ɗauke ta in ɗora kan tebur. Saboda ita na yi ta bin dillali unguwa-unguwa cikin rana har silifas ɗina ya tsinke. A Sinza tsada, a Mwananyamala banɗaki ɗaya gida guda, sai a Tabata kan tudu muka samu ciki da falo, da banɗakinsa a ciki, da taga mai kallon bishiyar mangwaro. Adashina na shekara na haɗa da nasa muka kama. Shi da bakinsa ya ce, "Mama a falo za ta kwana, ruwa ya gama taɓa ta."

Matsala ɗaya ce: Bi Chausiku, mai gidan, ba ta ba wa gwauro haya. Dillali ya ja mu gefe ya ce, "Ku ce kun yi aure mana, ai saura kaɗan." Ni kunya ta hana ni buɗe baki. Mrisho ne ya dafa ƙirji a gaban mai unguwa ya ce, "Wannan matata ce, Bi. Ta sunna." Tsohuwar ta daɗe tana kallona, sannan ta saka makullin a tafin hannuna. Washegari na wanke ɗakin, na kai gishiri da ruwa kamar yadda ake yi, na turara shi da turaren wuta.

Yanzu ga shi tsaye yana miƙo min hannu.

"Yaushe za a kai kayan amarya?" na tambaye shi.

"Asabar mai zuwa..."

"To. Ku zo. Ni da hannuna zan buɗe muku."

Har ajiyar zuciya ya yi. "Na san ki da kirki, Zuwena. Allah zai ba ki wanda ya fi ni."

Ya ɗauki waina ɗaya ya jefa a baki, ya tafi. Ya san ni da shiru. Bai taɓa tambayar kansa abin da shirun yake dafawa ba.

Ban yi kuka ba. Na sauke kasko na hau mota zuwa Tabata. Na tarar da Bi Chausiku tana kankare kwakwa a tsakar gida. Na durƙusa zan yi bayani, sai ta riga ni magana.

"Kada ki wahalar da kanki, 'yata," ta ce. "Tun ranar na san ba aure tsakaninku. Matar aure ba ta tsayawa nesa da mijinta kamar wadda ta zo rakiya. Amma ke ba ki yi min ƙarya ba, shi ya yi. Me ya faru?"

Na faɗa mata duka. Ta ajiye kwakwar ta goge hannu da zaninta.

"A ɗakina? Ɗakin da kika turara? Ɗan banza mai kan gwanda! Je ki ɗauko uwarki."

Ranar Alhamis na ɗauko Mama a bajaji da katifarmu da tukwane. Ranar Juma'a na shiga kasuwar Kariyako, na bi rumfunan masu zani ina karanta rubutun bakin kowanne, harafi-harafi, da ɗan karatun da nake da shi. Mu a nan idan mace ba ta iya faɗa da baki, zaninta ne yake yi mata. Sai da na samu wanda nake so, ja da baƙi: "Wanda ya ci amanar mai shiru, a gaban jama'a zai biya."

Asabar da hantsi na jiyo su tun daga kwana. Mota buɗaɗɗiya cike da gado da firji da akwatuna, mata suna guɗa, kiɗa yana tashi. Mutanen layi duk suka fito. Bi Chausiku ta jawo kujerarta ta zauna a bakin ƙofata tana fifita.

Mrisho ya ƙwanƙwasa yana murmushi. Na buɗe kamar yadda na yi alkawari.

Ƙamshin turare ya buge su. Ga Mama kwance a falo, ga tukunyata a kan wuta. Na juya a hankali don kowace mace ta karanta zanina. Guɗar ta mutu ɗaya bayan ɗaya.

"Wace ce wannan?" mamar Mrisho ta daka tsawa. "Me take yi a ɗakin ɗana?"

"Matar ɗakin ce," in ji Bi Chausiku ba tare da ta tashi ba. "Ɗanki ya dafa ƙirji a gaban mai unguwa ya ce matarsa ce ta sunna. Ga mai unguwar can, ku tambaye shi."

Gwaggon amarya, wata ƙatuwar mata mai lalle har gwiwar hannu, ta matso. "Mrisho! Kana da mata ka ɓoye mana?"

"A'a... Gwaggo, ba haka ba ne... ba mu yi aure ba..."

"Au!" Bi Chausiku ta tafa hannu. "Ashe ƙarya ka yi min? To zaɓi ɗaya, ɗan samari. In matarka ce, ka faɗa wa surukanka. In ba matarka ba ce, maƙaryaci ba ya kwana a gidana. Wanne ne?"

Ya kalli Gwaggo, ya kalli mamarsa, ya fara ja da baya. Wata a cikin 'yan kallo ta ce, "Direba ya rasa birki!" Layi ya fashe da dariya.

"Ku juya motar!" Gwaggon ta yi ihu. "'Yarmu ba ta rasa miji ba! Wanda ya yi wa wannan haka, gobe tamu zai yi wa!"

Suka juya da gadonsu da firjinsu. Mamarsa ta bi su tana roƙo, takalminta ɗaya a hannu.

Ya rage shi kaɗai a bakin ƙofa, rigarsa mai guga ta jiƙe da gumi.

"Zuwena... me ya sa? Wallahi har yanzu ke nake so. Ki ba ni dama, zan lallashi Mama..."

Na kalle shi ido cikin ido, karo na farko tun da muka haɗu.

"Ka ce Allah zai ba ni wanda ya fi ka. Ya ba ni ɗakin tukuna. Kasonka na kuɗin haya zan aiko maka ta hannun mai unguwa. Kada ka sake tsayawa a gaban kaskona."

Na rufe ƙofar.

Da la'asar hadari ya haɗu, ruwan damina ya sauko da ƙarfi a kan kwano. Mama ta zabura tana laluben ƙasa da hannu, yadda ta saba.

"Kwanta, Mama. Nan tudu ne."

Ta shafa simintin, ta ji shi a bushe. Ta yi murmushi ta koma barci.

Na shiga ciki. A bayan ƙofa akwai ƙusar da Mrisho ya kafa ranar da muka kama ɗakin, yana dariya yana cewa, "Nan zan riƙa rataye rigata, amaryata." Na ɗauko wuƙar waina na yi ta ɓanɓarar ta har ta fito, na wurga ta taga cikin ruwan.

Sai a lokacin kukan ya zo. Na toshe bakina da bakin zanin don kada Mama ta farka.